Harshen Gaɓa Yana Jiran Mai Shi

Zuwa ga mijina, Mutumin Gaɓa, inuwar da nake fakewa in rana ta yi tsaka, ruwan randa a bakin mai ƙishi, tauraron da matuƙan jirgi ke laluba in hanya ta ɓace musu, abokin gardamata, maigidana, sanyin idona.

Na jera maka waɗannan sunaye kamar yadda na saba, kuma babu na ƙarya a cikinsu. Sai dai gara in faɗa maka tun daga farko, hannuna ne ya rubuta su, ƙirjina shiru yake. Malamar da ke koya maka magana ta ce kana iya karatu in aka ƙyale ka ka bi a hankali, shi ya sa na yi manyan baƙaƙe, na bar fili tsakanin layuka. In ka gaji ka ajiye, ka huta, ka sake ɗauka.

Ranar Litinin Yaya, babban wanka, ya zo shagon tabarau inda nake aiki. Ya same ni ina gyara wa wata tsohuwa ƙafar tabarau da ta lanƙwashe, ƙaramin sukurun yana ta kufce mini. Ya tsaya gaban madubi yana ɗaga gilasai yana mayarwa, kamar mai niyyar saye, alhali ka san idon Yaya garau yake. Da na ɗago sai ya ce, "Ƙanwata, in kin samu sarari ina son magana." Muka fita lungun bayan shago inda ake tara kwalaye. Ya zaro takarda daga aljihun gaba, ya riƙe ta, bai miƙo ba tukuna.

Ya ce, "Shi ya rubuta, da hannun hagu. Ya daɗe yana fama. Na tambaye shi ko saki yake nufi, ya girgiza kai. Na ce ko so yake ki koma wurin Umma ki huta, ki daina wannan zarya, sai ya ɗaga kai. Ni dai aiko ni aka yi. Wallahi ban so zuwa ba."

Na buɗe. Baƙaƙe huɗu, kowane ya karkata nasa gefe kamar shingen da iska ta bi ta kansa: TAFI. Na ce, "Na gode, Yaya, a gaida Mama." Na ninke ta, na koma ciki, na ɗaure sukurun, na goge gilashin, na ɗora wa tsohuwa a hanci, na tambaye ta ko tana gani. Ta karanta har layin ƙasa na allon bango, ta sa mini albarka.

Haba, hasken gidana! Watanni muna jiran kalma ɗaya ta Hausa daga gare ka, ni da Mama da Yaya da malama, kamar manoman da suka zuba wa sama ido, sai da girgijen ya tashi zubowa ya zubo da wannan? Kai da ka ƙera wa mutanen da ba a taɓa haifa ba dubban kalmomi, na ciniki, na zagi, na lallashin yaro, kalmar da ka zaɓar wa matarka ke nan?

Ka tuna yadda muka fara? Zan tuna maka, don likita ya ce tsofaffin abubuwa suna nan a kanka, ƙofar fitarsu ce ta cije. A wancan zauren na intanet ne, inda mutane daga ko'ina suka haɗu suna gina duniyar da tarihi ya bi wata hanya daban. A duniyar tamu, wasu jiragen Rumawa masu dakon hatsi sun ɓace a teku, suka faɗa wani babban tsibiri, ba su sake komawa ba. Jikokinsu suka yaɗu, suka rarrabu, Latin ɗin da ke bakinsu ya haifi 'ya'ya, kamar yadda a duniyar gaske ya haifi Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci. Mai Taswira, wanda ya kafa zauren, shi ke raba ƙasa. Kowa da yankinsa, kowa da harshen da zai raina. Doka ɗaya ce mai tsauri: ba a tsintar kalma a iska. Sai ka ɗauko ta daga Latin, ka bi da ita ta bakin kakanni da iyaye da jikoki, ka nuna yadda ta gogu a hanya, kamar dutsen da rafi ya daɗe yana lasa.

Kai aka ba gaɓar teku. Mutanenka masunta ne da 'yan kasuwa, masu sauri, masu haɗiye ƙarshen kalma. Ni da na zo daga baya, da guntun Faransancina na makaranta, aka jefa ni kan duwatsu, wurin makiyaya masu taurin kai da ba sa barin baƙi ko ɗaya ya faɗi. Sunan 'Yar Dutse ma kai ka laƙa mini, kuma ba don yabo ba.

Laifin dare da madara ne. Ka wallafa ƙamus ɗinka kowa yana ta yabo, ni kuwa na tsaya a kalmomi biyu. Noktem, wato dare, ka mayar da shi noshi. Laktem, wato madara, ka mayar da shi laiti. Na rubuta a ƙasa cewa cikin kalmomin nan iri ɗaya ne, ba yadda za a yi baki ɗaya ya tauna su daban, ka zaɓi guda. Wayyo, ranar na ga rubutu! Ka kawo dogon tarihi, wai noshi aro ne daga wasu masuntan kudu masu kamun dare, har da sunan tashar jirginsu da irin kifin da suke kamawa. Na karanta tsaf, na amsa maka da layi ɗaya: "Malam, mantawa ka yi." Aka yi kwanaki. Sai ga saƙo ya shigo mini ni kaɗai: "Mantawa na yi. Amma masuntan sun riga sun zauna, ina zan kai su?"

Dariyar da na yi a shago ran nan har mai shago ya leƙo daga ɗakin gwajin ido. Ina wannan dariyar ta shiga? Na neme ta kwanan nan kamar yadda ake neman ɗan kunne a ƙarƙashin gado, ban samu ko ƙurarta ba.

Daga nan muka yi ta yaƙi. Makiyayana suka tare hanyar gishiri, jiragenka suka hana mu hatsi, Dattijo, tsohon malamin makarantar nan mai riƙe da hamadar arewa, yana ta shiga tsakani. Amma kalmomi ba ruwansu da yaƙi, suna ta tsallaka iyaka. Mutanena suka ari sunan jirgi da na ma'auni a wurinka, naka suka ari sunan cuku da na ƙanƙara a wurina, kowa ya murɗe abin aro daidai bakinsa. Muna cikin haka muka gano ashe gari ɗaya muke, motar layi ɗaya ma muke hawa, kai ka sauka a kantin magani, ni in wuce shagon tabarau.

Ranar da muka fara ganin juna a ɗakin shan shayin nan na kusa da tasha, ka zo da farar rigar aiki ninke a hannu, kana ƙamshin sabulun kanti. Ka ce sunayen magunguna ne suka ja ka zuwa Latin, tun kana ɗalibi kana haddar abin da ba ka san ma'anarsa ba. Sannan ka gyara murya, ka gaishe ni da harshen Gaɓa, a fili, a gaban mutane. Ni da na daɗe ina karanta shi ina jin sa a raina kamar igiyar ruwa tana shafar yashi, sai na ji shi daga bakinka kamar mai mura yana kiran akuya. Shayi ya sarƙe ni. Ka ce, "To ke faɗi naki mu ji." Na faɗa. Mai shayi ya juyo ya ce, "Baiwar Allah, lafiya? Ƙashi ne ya maƙale?"

Ya ruwan farkon damina, ya ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, wa ya taɓa ba ni kunya mai daɗi irin wannan? Da muka yi aure, zauren ya rubuta yarjejeniyar sulhu tsakanin Gaɓa da Dutse, cikin harsunan biyu, Dattijo ya sa hannu a matsayin shaida. Mama ta ga mun manna ta a bangon falo ta ce, "Wannan kuma wace addu'a ce?" Ka ce ta zaman lafiya ce. Ta ce to Allah ya karɓa.

Sai safiyar nan. Abokin aikinka ne ya ba ni labari, don kai ba ka iya ba. Ya ce wata mata ta miƙo takardar likita, ka ɗauko maganin daidai, ka buɗe baki za ka gaya mata yadda za ta sha, sai maganar ta tsaya. Ka sake gwadawa. Kwalbar ta zame daga hannunka na dama, ka bi ta da kallo kamar hannun wani ne. Da aka kira ni ina auna tazarar idon wani yaro. Na gama aunawa, na rubuta, sannan na ɗauki jaka. Tun daga wannan lokacin wani abu ya sauko tsakanina da duniya, kamar gilashi mai kauri. Ina ganin komai sarai, ba abin da ke taɓa ni.

Likita ya ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi, amma hankali yana nan. Mama ta faɗi zaune a baranda tana salati. Ni na tambayi inda ake karɓar magani.

Ka tuna ranar ruwa? Na san ka tuna, don ina jin daga ranar ka fara juya mini baya. Muna zaune da rana a asibiti, ni da Mama, fanka tana juyawa, sai leɓenka ya motsa. Ka ce, "Awa." Ka sake cewa, "Awa." Nas ta duba agogonta ta gaya maka lokaci. Mama ta matso da kujera, ta dube ni ta wutsiyar ido, ta ce, "Wace ce kuma Hauwa?" Ni kaɗai a ɗakin na san akwa ce ta Latin, wato ruwa, wadda mutanen Gaɓa suka haɗiye tsakiyarta. Na tashi na zuba ruwa a kofi, na ɗiba da cokali, na kai bakinka. Ka sha. Mama ta ce, "Ikon Allah, ya kika gane?" Na ce wani wasa ne da muke yi.

Sai na ga idonka. Ka dubi Mama, matar da ta koya maka cewa ruwa tun kana rarrafe, ka nemi kalmarta a bakinka ka rasa, ta wasa ce ta fito. Hawaye ya bi ta gefen da ke motsi. Ka juya fuska bango. Ka kuma dube ni kafin ka juya, ka ga fuskata a bushe kamar faranti, na riƙe cokali ina jiran ko za ka ƙara. Na san abin da ka karanta a wurin. Ka karanta gajiya. Ka ce a ranka yarinyar nan ta ƙoshi, kunya ce kawai ta riƙe ta.

Ba haka ba ne, ya bishiyar da na jingina da ita. Mutane suna ta yaba haƙurina, Umma tana cewa 'yarta jaruma ce, matar Yaya tana ba da misali da ni. Ba haƙuri ba ne, ba jarumta ba ce. Ka san yadda ƙafa ke yi in an daɗe zaune a kanta, ka tsunkule ta ba ka ji, amma tana nan, taka ce, kuma da ita za ka tashi? Haka zuciyata take. Ina cin abinci ban san ɗanɗanonsa ba. Ina hawa motar layinmu, in ta tsaya a gaban kantinku in ga wani a bayan kanta sanye da farar riga, in kalle shi kamar yadda nake kallon sandar fitila. Na zauna a falonmu na ce bari in yi kuka in huta, na jira, bai zo ba, na tashi na wanke kwanuka. Tun da aka sallame ka aka kai ka gidan Yaya saboda matakalar benenmu, nake zuwa in zauna gefen gadonka, in gyara maka matashi, in yanke maka farce, kai kana kallon labule, ni ina kallon hannunka. Mutum biyu da suka cika zaure da surutu, ga mu nan kamar duwatsu biyu a gindin rafin da ya ƙafe.

Zauren ma suna tambayarka. Da farko Mai Taswira ya rubuta a tarihin duniyar cewa hazo ya rufe Gaɓa, jirage ba sa fita. Da aka daɗe sai ya turo mini saƙo cikin ladabi, wai akwai sabon shiga mai ƙwazo da ke son yankin, ko a ba shi riƙo, ko kuma a rubuta cewa annoba ta ci garuruwan, a rufe babin da mutunci. Na ce masa ba wanda zai mutu a Gaɓa. Na ce ni zan riƙe.

To ina riƙewa, amma wallahi ɓarna nake yi. In na dawo daga shago na kan buɗe kwamfutarka in rubuta labarin kasuwar kifi ko wasiƙar wani ɗan kasuwa, don dai a ga hayaƙi na tashi a garin. Bakina na Dutse ne, ba ya iya haɗiye ƙarshen kalma. Makon jiya Dattijo ya rubuto mini a asirce: "'Yata, masuntan nan naki duk da muryar makiyaya suke magana. In mai su ya gani zai tashi don haushi kawai." Na ce Allah ya sa. Kalmomin aikatau na harshenka masu canza ciki in ana maganar abin da ya wuce, na rasa kansu gaba ɗaya, dokar tana kanka ba ka taɓa rubuta ta ba. Akwai kalmomin da na ƙera na ajiye, ban wallafa ba, don ba ni da ikon sa musu hannu. Ba sai ka yi magana ba. In karanto maka, ka ɗaga kai ko ka girgiza, kamar yadda ka yi wa Yaya. Wanda ya iya korar matarsa da ka, ai zai iya korar kalmar da ba ta yi ba.

Akwai abin da na tsinta ina cikin wannan aikin, shi ne ma ya sa na ɗauki biro. Wani ɗan kasuwarka zai rufe wasiƙa zuwa ga matarsa, na shiga ƙamus neman yadda ake cewa ina son ki. Ka san mu biyun duk mun yar da kalmar so ta Latin, wato amare, mun ce kowa ita yake ɗauka. Ni na ba makiyayana kaliyo, daga kalmar zafi, don a kan dutse mai sanyi wanda kake so shi ne wanda ke ɗumama ka. Kai kuwa ka ba masuntanka tenyu, daga kalmar riƙo, ka rubuta a gefe cewa a cikin jirgi ba a tambayar mutum abin da yake ji, igiya ake miƙa masa. A lokacin na yi maka tsiya, na ce mutanenka ba su san soyayya ba, dako suka sani.

Yau ga ni, ya ruwan idona, in na ce maka kaliyo na yi ƙarya, don babu ɗumi a jikina ko na kofin shayi. Harshen da na raina da hannuna ya kasa faɗin halin da nake ciki. Naka ne ya iya. Tenyu. Wannan kam ko a gaban alƙali zan faɗe ta. Ban san ranar da ji zai dawo mini ba, kamar yadda ba ka san ranar da magana za ta dawo maka ba. Wataƙila in ya dawo da ciwo zai dawo, in yi ta kuka har ka gaji da ni. Wataƙila naka ya dawo rabi, ka ƙare rayuwa kana kiran cokali da sunan taga. To sai me? Wa ya ce sai da cikakken baki ake zaman aure? Wa ya ce sai zuciya na tafasa ake kai wa miji ruwa?

Don haka ga amsar takardarka. Ban tafi ba, ba kuma zan tafi ba. Umma ta gyara mini ɗakina na da, ta sa sabon labule, na je na gode mata na dawo. In ganina a bakin gadonka ne ke maka nauyi, in kunyar cokali da tawul ce, faɗa mini da ka, sai mu bar wa Yaya wannan, ni in zo da kwamfuta kawai mu yi faɗa a kan aikatau. Amma kada ka sake yanke hukunci a kan abin da ke raina daga kallon fuskata. Fuskar nan ba ta aiki yanzu, kamar hannunka na dama. Kai ka fi kowa sanin ba a neman labarin zuciya a wurin abin da ya daina aiki.

Abu na ƙarshe, kuma ban yi shawara da kowa ba. Na bar benen. Na samu gida a ƙasa, a layin da ke bayan shagonmu, ɗaki biyu da ɗan fili a gaba inda rana ke sauka da safe. Ba matakala ko ɗaya. Na auna ƙofofin da tef ɗin shago, keken da ake tura ka a ciki zai wuce har banɗaki ba tare da ya goga ba. Kafinta ya kafa ƙarfen riƙo a bango. Masu dako sun kawo gadonmu da teburinka da littattafanka, na sa teburin kusa da taga, na juya shi yadda bango ba zai tare maka gwiwar hannu ba. Ina kwana a can tun shekaranjiya. Gidan shiru, ni ma shiru, mun dace. Amma ba don ni kaɗai na auna ƙofofin nan ba.

Ba zan sa maka rana ba. Ranar Asabar zan zo gidan Yaya kamar kullum, in ka ga dama ka kalli labule, zan zauna. Abin da ka ji yana motsi a ƙasan ambulan ɗin nan makullinka ne na gidan. Na sa an canza kwaɗon ƙofar da mai laushi, na tsaya a bakin ƙofa na sa hannun dama a aljihu, na gwada da hagu har sai da maƙwabciya ta leƙo tana kallona. Yana buɗewa.

Taka a yau, taka in magana ta dawo, taka in ba ta dawo ba, har ranar da za a rufe mini ido,

Matarka,
'Yar Dutse